Inji Na Juyawa, Mota Ta Ƙi Tashi

 Ga shirinmu na direbobi da masu mota. Ko kana gida, ko kana tasha kana jiran lodi, ko kana gareji hannu duk baƙin mai, matso kusa da rediyo.

Yau maganar tsohuwar mota za mu yi. Ka shiga, ka murɗa makulli, inji ya juya, gir-gir-gir, amma mota ta ƙi tashi. Ka sake murɗawa, haka nan. Yara sun shirya za su makaranta, rana tana ɗagawa, maƙwabta sun fara taruwa. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce kafireta ce, wani ya ce a tura kawai. Kowa da maganinsa, amma babu wanda ya gwada komai.

Motar da za mu yi misali da ita kowa ya san ta: Peugeot 504, Fijo ke nan. A Faransa aka fito da ita a shekarar 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Daga 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna, kuma an ci gaba da fitar da 504 a can har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da daina yin ta. Ita ta yi aikin gwamnati, ita ta yi tasi, ita ta yi jigilar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram. Har gobe akwai masu riƙe da tasu. Abin da za mu faɗa a kanta ya shafi kusan duk tsohuwar motar fetur mai kafireta. Motar dizal hanyarta daban, ba da ita muke ba yau.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko: a gwada kafin a saya. Zan maimaita. A gwada kafin a saya. Tsohuwar mota ba ta da kwamfuta. Duk abin da ke damunta ido zai iya gani, kunne zai iya ji, hanci ma zai iya shaƙowa, muddin an bi ta daki-daki.

Ku dubi murhu. Kafin wuta ta kama, sai an sami itace, an sami iska, an ƙyasta ashana. Inji ma haka yake. Yana son mai, yana son iska da aka matse, yana son tartsatsin wuta, kuma wutar ta zo a kan lokacinta. In ɗaya ya ɓace, inji zai yi ta juyawa har batir ya mutu, ba zai tashi ba. Saboda haka shirinmu zai bi wannan tsari: da farko kunne, sai wuta, sai mai, daga ƙarshe mu leƙa cikin injin kansa.

To, mu fara da kunne.

Kafin ka buɗe bonet, saurari yadda injin ke juyawa. In yana juyawa da ƙyar, a hankali, kamar ana jan sa, batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. Wani zai ce, ai tana juyawa, ina ruwan batir? Akwai ruwansa. Kik, wato na'urar da ke juya inji in ka murɗa makulli, yana zuƙar wuta mai yawa. In batir ba shi da ƙarfi, kik zai kwashe ɗan abin da ya rage, ya bar filogi ba komai. Lafiyayyen batir, in an sa masa mita, yana nuna kusan bolt 12.6. Lokacin da kik ke juyawa, bai kamata ya sauka ƙasa da kusan bolt 10 ba. Shi ya sa za ka ga mota ta ƙi tashi da makulli, amma ana tura ta sai ta kama nan take. In motarka tana haka, ta riga ta gaya maka inda za ka duba: batir, kawunan batir, wayar da ta haɗa batir da jikin mota, ko kik ɗin kansa. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, a kwance kawunan a kankare shi, a ɗaure su tam.

Sannan ina roƙonku, kada a yi ta niƙa kik. Daƙiƙa goma ta isa. A saki makulli, a bar shi ya huta kamar rabin minti. Abin da bai kama a murɗawa uku ba, murɗawa ta ashirin ba za ta kama shi ba. Sai dai a ƙone kik, a kashe batir, a cika inji da mai. Matsala ɗaya ta zama huɗu.

Tambayi kanka kuma: me ya faru kafin ta ƙi tashi? Jiya an wanke inji? An kwana ana ruwa? An sha mai a bakin titi? Wani ya taɓa wayoyi? Ta yi wata shida a ajiye? Amsar wannan tambaya takan rage rabin aiki. Kada a manta da makullin ɓoye, wanda ake sa wa motoci saboda ɓarayi. Sau da yawa shi ne ya saki, ko yaro ya taɓa shi, a yi ta neman ciwo a inji alhali yana ƙarƙashin kujera.

Masu sauraro, yanzu mun zo kashi na biyu, kashin wuta. A nan za mu ɗan daɗe, domin a tsohuwar mota laifin ya fi yawa a nan.

Bari in bi da ku hanyar da wuta ke bi. Daga batir ta je makulli. Daga makulli ta je koyil, gwangwanin nan mai waya mai kauri a kansa. Aikin koyil shi ne ya ɗauki bolt 12 na batir ya mayar da shi wajen bolt 20,000. Daga koyil wutar ta shiga distiributa, wato mai rabon wuta. A cikinta akwai rota, ɗan hannun da ke juyawa yana miƙa wa kowace waya rabonta. Wayoyi huɗu su kai wa filogi huɗu. Batir, makulli, koyil, distiributa, filogi. Hanyar ke nan.

Yaya za ka san ko akwai wuta? Cire giya, ja birkin hannu. Zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, wadda ta taho daga koyil. Riƙe ta da filaya mai hannun roba, ka kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, tazarar kamar rabin santimita. Nesa da kafireta, nesa da tiyon mai. Sai wani ya murɗa makulli. Kada ka riƙe da hannu tsirara, jan wutar ba wasa ba ne. In ka ga wuta shuɗiya tana tsalle, kana jin ƙararta, tas-tas-tas, koyil da kwantak, wanda za mu zo kansa, lafiyarsu ƙalau. In wutar ja ce, mai rauni, akwai matsala. In babu ko kaɗan, ka kama bakin zaren.

Mu ce babu wuta. Nemi ɗan ƙwan gwaji, irin wanda 'yan rewaya ke amfani da shi: ƙwan mota ne da waya biyu, ba shi da tsada. Buɗe makulli, ɗora waya ɗaya a jikin mota, ɗaya a kan ƙaramar ƙusar koyil mai alamar tarawa. In ƙwan bai kama ba, wuta ba ta iso koyil ba ma. Laifin yana baya, a makulli ko a waya. Ka ga da ka sayi sabon koyil, da ka yi asarar kuɗinka.

In ƙwan ya kama, mayar da wayar kan ɗaya ƙusar, mai alamar ragewa, a murɗa makulli. Ya kamata ƙwan ya riƙa kamawa yana mutuwa, yana kamawa yana mutuwa. In ya tsaya a kunne, ko ya tsaya a mace, sai a buɗe distiributa a duba kwantak.

Mene ne kwantak? Wasu 'yan ƙarafa biyu ne ƙanana da ke buɗewa suna rufewa yayin da inji ke juyawa. Duk lokacin da suka rabu, a daidai wannan lokacin koyil ke harba wuta. In ba su buɗe ba, babu wuta. In sun rufe amma fuskarsu ta ƙone ko ta yi datti, babu wuta. Ɗan wannan abu, da bai kai tsawon yatsa ba, ya tsayar da tsofaffin motoci fiye da yadda ake zato. Yana da 'yar dunduniyar roba da ke gogar sandar distiributa. A hankali dunduniyar ke cinyewa, tazarar tana raguwa, har wata safiya ta rufe gaba ɗaya. A Fijo 504 tazarar kwantak, in ya buɗe iyakar buɗewarsa, milimita 0.4 ce. Ƙasa da rabin milimita ke nan. Makanikai suna da 'yan faifan ƙarfe na awo, kowane da lambarsa. A auna da su, a daina aunawa da ido. In fuskar ta yi baƙi, a goge da samfefa mai laushi, a bi da tsumma mai tsabta, domin ɗigon maiƙo kaɗai ya isa ya hana wuta wucewa.

Kusa da kwantak akwai kandensa, wani ɗan gwangwani mai waya ɗaya. Aikinta ta hana kwantak ƙonewa, ta kuma taimaki koyil ya ba da wuta mai ƙarfi. In ta mutu, wuta za ta yi rauni, kwantak ya riƙa cinyewa da wuri. Ni shawarata, duk mai tsohuwar mota ya ajiye kwantak da kandensa na ko-ta-kwana a cikin motarsa, tare da sukudireba. Kuma a kula: kada a bar makulli a buɗe inji ba ya aiki, ana sauraron rediyon mota. In kwantak ya tsaya a rufe, wuta tana bi ta cikinsa ba tsayawa, koyil ya yi zafi, kwantak ya ƙone.

To, in akwai wuta mai kyau a wayar tsakiya fa? Sai a bi ta gaba. Juya murfin distiributa ka duba cikinsa. Da damina, ko bayan wankin inji, raɓa takan kwanta a ciki, wuta ta bi ruwan ta gudu. Busasshen tsumma kawai ake bukata. Duba ko murfin ya tsage, ko akwai wani siririn baƙin layi a ciki, alamar hanyar da wuta ta yi wa kanta. Duba ɗan gawayin da ke tsakiyar murfin, wanda ke taɓa rota. In ya karye ko ya maƙale, wuta ta tsaya a nan.

Sai filogi. A 504 filogi suna can cikin rami mai zurfi a saman inji, sai da doguwar sufanar filogi. Baƙin mai yakan taru a ramin in robar ramin ta tsufa, a tsane shi kafin a kwance. Tazarar bakin filogi milimita 0.6 ce. Amma kafin ka goge shi, tsaya ka kalle shi da kyau, domin shi ne zai kai mu kashi na gaba. In ka yi ta murɗa makulli, ka ciro filogi ka same shi a bushe ƙayau, mai ba ya isowa. In ka same shi jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa, wuta ce babu, ko man ya yi yawa. Busasshen filogi, nemi mai. Jiƙaƙƙen filogi, nemi wuta.

Ga wani kuskure da ake yawan yi. An cire wayoyin filogi duka huɗu a lokaci guda, aka mayar da su a hargitse. Injin 504 yana ba da wuta bi da bi: silinda ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, ta biyu. Ɗaya, uku, huɗu, biyu. In an sauya, mota za ta yi ta tari, tana harbi ta kafireta ko ta salansa, ba za ta tashi ba. A riƙa cire waya ɗaya, a gama da ita, a mayar, sannan a taɓa ta gaba.

Jama'a, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan tsohuwar motar da ke juyawa amma ta ƙi tashi. Mun gama da wuta. Yanzu kashi na uku, kashin mai.

Tambayar farko, kuma ba raini ba ne: akwai mai a tanki? Allurar mai ta tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce. A tabbatar.

Gwaji na biyu mai sauƙi ne. Inji a kashe, makulli a cire. Buɗe gidan matatar iska, ka leƙa cikin maƙogwaron kafireta, wani ya taka totur sau biyu. Ya kamata ka ga siririn fetur ya tsarto ciki. In ka gani, akwai mai a kafireta. In babu, sai a bi hanyarsa da baya: kafireta, famfon mai, matatar mai, tiyo, tanki.

Famfon man 504 ba na lantarki ba ne, inji ne ke motsa shi. Cire wayar da ke kai wa koyil wuta tukuna, don kada a sami tartsatsi. Sannan ka zare tiyon da ke shiga kafireta, ka sa bakinsa cikin kwalba, a murɗa makulli kaɗan. Lafiyayyen famfo zai tunkuɗo mai da ƙarfi, bul-bul-bul. In ɗiga yake, ko babu, duba matata ko ta toshe da tsatsar tanki. Duba tiyon roba, domin in ya tsage ta ɓangaren tanki, famfo iska zai riƙa zuƙa maimakon mai. A cikin famfon akwai wata fatar roba da ke bugawa. In ta yage, fetur yakan zurara cikin baƙin mai. Zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, ko ka ga man ya ƙaru da kansa, a canza famfo, a juye baƙin man.

Ka ɗaga kwalbar nan ka kalli abin da ya taru. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka yana kwanciya a ƙasa, za ka ga layin da ya raba su. Wanda ya sha mai a galan a bakin titi ya san wannan hatsari. Haka kuma fetur yana tsufa. Motar da ta yi watanni a ajiye, manta yakan canza wari, ya yi danƙo, ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Wannan sai an juye tanki, an wanke kafireta.

Wani lokaci kuma yawan mai ne matsalar. Ka yi ta taka totur, ka ja cok, warin fetur ya cika wuri. Makanikai sukan ce ta yi obafulo, wato mai ya yi ambaliya. Inji yana son iska kusan kashi 15 a kan kashi 1 na fetur, in aka auna nauyinsu. In mai ya rinjayi iska, filogi ya jiƙe, wuta ba ta kamawa. Maganinsa: mayar da cok, taka totur har ƙasa ka riƙe, kada ka yi ta famfo da ƙafa, sannan ka murɗa makulli. Iska mai yawa za ta shiga ta busar da silinda. In ta ƙi, a ciro filogi a shanya su. In abin yana maimaituwa kullum, allurar da ke tsayar da mai a cikin kafireta ba ta rufewa.

Yanayi ma yana da hannu. Da sanyin hunturu, fetur ba ya saurin zama tururi, dole a ja cok kafin ta kama da asuba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska. Da zafin bazara abin ya juye: ka yi doguwar tafiya, ka tsaya sallah, ka dawo ta ƙi tashi. Zafin inji ya tafasa man da ke cikin tiyo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Buɗe bonet, ba ta minti ashirin ta sha iska.

A nan dole in ja kunne da babbar murya. Na san al'adar gareji: a tsiyaya fetur a kafireta, wani ya murɗa makulli, wani ya toshe bakinta da tafin hannu. Mutane sun ƙone ta wannan hanya. Inji yakan yi harbi ta baya, wuta ta fito ta kafireta, ta kama hannu, ta kama fuska, ta kama galan da ke riƙe. Kada ka sa fuskarka a saman kafireta ana murɗa makulli. Kada ka tsiyaya mai inji yana juyawa. Kada a zuƙi fetur da baki. A kashe taba, a janye yara, a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa. Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa.

Mun iso kashi na ƙarshe. Akwai wuta, akwai mai, amma har yanzu shiru. Saura abu biyu: lokaci da matsi.

Lokaci shi ne abin da makanikai ke kira taimin. Dole wuta ta sauka daidai sa'ad da fistin ya kusa kai wa ƙarshen hawansa. In ƙusar da ke riƙe distiributa ta saki, distiributar ta juya, wuta za ta zo da wuri ko a makare. Kama jikinta ka gwada murɗawa da hannu. In ta motsa, ka samo shi. Sannan cire murfinta, a murɗa makulli, ka ga ko rota tana juyawa. In inji yana juyawa rota tana tsaye, a saki makulli nan take. Wani abu ya katse a ciki. Injin 504 sarƙa yake amfani da ita wajen juya sandar bawul, kuma wannan ba aikin bakin titi ba ne.

Matsi kuwa shi ne ƙarfin da fistin ke danne iska da mai kafin wuta ta zo. Kunne yana gane shi. Lafiyayyen inji yana juyawa da nauyi, kana jin yana cije wa a kowane bugu. Wanda ya rasa matsi yana juyawa da sauri, sumul, ba nauyi. Dalili yakan zama bawul da ya ƙone ko aka ɗaure shi fiye da kima, ko zoben fistin da ya cinye, ko gasket ɗin kan inji da ya ƙone bayan mota ta yi zafi. In ka ga baƙin mai ya koma fari-fari, ko ruwan lagireto yana raguwa ba tare da yoyo ba, ko filogi ya fito da ɗigon ruwa, to gasket ne ake zargi. A daina murɗa makulli, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Akwai agogon awon matsi da ake ɗaurawa a ramin filogi. Ka nemi bakanike ya auna silinda huɗun duka, ka tsaya ka ga lambobin da idonka. Ya kamata su yi kusa da juna. Kada ka yarda a sauke inji kafin a yi wannan awo.

In ka je wurin bakanike, Malam direba, ko ke Hajiya mai mota, kada a tsaya a kan "ta ƙi tashi" kawai. Ka ce masa: batir yana juyawa da ƙarfi, na ga wuta shuɗiya a wayar tsakiya, filogi sun fito a bushe, famfo ba ya turo mai. In ya ce a sayo wani abu, tambaye shi cikin mutunci wane gwaji ya nuna masa haka, kuma ka karɓi tsohon da aka cire.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar motar da ke yin zafi a hanya, daga lagireto har fanka.